Soja-Ya-Kwana

Littafin da Malam Shu'ibu yake yawo da shi layi uku gare shi: sunan tsiro, inda yake fitowa, amfaninsa. Shekara shida yana cika wa Baturen gona na Haɗeja layukan nan. Mutanen gari sun laƙaba wa Baturen Mai Ciyawa, don shi kaɗai ne Baturen da aka taɓa gani ya sauka daga doki ya durƙusa a gaban ƙarangiya. Aikin Shu'ibu shi ne ya tsinko, ya matse tsakanin tsofaffin jaridu, ya tambayo suna. In ya samu ya rubuta. In bai samu ba ma ya rubuta, don tun farko ya lura Bature ba ya son ganin layi fari. Yanzu haka akwai ciyayi goma sha biyu kwance a wani ɗaki a Ingila da sunayen da ba wanda ya taɓa kiransu da su sai Malam Shu'ibu. Ɗaya ma sunan surukarsa ne.

Wannan ƙaryar ta ofis ba ta taɓa damunsa ba. Ta gida ce mai nauyi.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci yakan biya wajen mai goro ya sayi ƙwaya biyar, a ƙunshe masa a ganye, ya kai ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, Iya, ya tsuguna ya ce, "Yakubu ya aiko daga Malam Madori. Yana gaisuwa." Iya, wadda yanar ido ta rufe wa gani, takan miƙo hannu ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Madalla." Shi ke nan. Shi ɗan fari ne, ita kuwa ta tsohuwar tarbiyya ce: ba ta faɗin sunansa, ba ta duban fuskarsa, in tana da magana da shi sai ta faɗa wa matarsa Hajo, ko da yana tsugune a wurin. Shekara arba'in da biyar, abin da ya shiga tsakaninsu na magana ba zai cika shafi biyu na littafinsa ba. A irin wannan gida ƙarya tana iya zama ta miƙe ƙafa, ba mai tambayarta daga ina.

Yakubu ƙanensa ne, wanda Iya take kira Auta da baki cike. Ya tafi yaƙin Bama, can ƙetaren teku, yana saurayi mai yawan dariya, ya dawo bayan shekara uku da akwatin ƙarfe, da lamba a wuya, da wani ɗan matashin kai na kaki da ya ɗinka da hannunsa a can. Akwatin ya ba Hajo ta zuba kwanoni. Matashin kuwa bai yarda kowa ya taɓa ba. Ba ya iya kwanciya a ɗaki, ya ce rufin yana saukowa. In mata suka fara daka sai ya shige ƙarƙashin rumbu ya toshe kunne. Inda kawai yake samun natsuwa shi ne bakin ruwa, ya sa matashinsa ya kwanta yana sauraren kwaɗi.

Gida ya jure wannan wata bakwai. Ranar da Mai Ciyawa ya biyo ta ƙofar gida neman Shu'ibu, Yakubu ya fito ba riga, ya ƙame, ya sara masa, ya ƙi sauke hannu. Bature ya ce ya isa. Ya sake cewa ya isa. Ya gaji ya tafi, Yakubu na nan tsaye cikin rana har azahar, unguwa ta taru tana kallo. Da la'asar Shu'ibu ya kira shi zaure ya ce ana ɗaukar masu dakon gyaɗa a tashar jirgi ta Malam Madori, ya je, kada ya dawo sai ya zama mutum.

"To, Yaya," in ji Yakubu. Ya ɗauki matashinsa.

Shu'ibu ya bi shi da ido har ƙarshen lungu, ya ga bai yi arewa ba, hanyar Malam Madori. Kogi ya nufa. Ya gani sarai. Sai ya koma ciki ya ce wa Hajo ta gaya wa Iya an samar wa Auta aiki. Shekara uku ke nan, goro bai taɓa fashi ba, kuma Shu'ibu bai san ko ƙanensa na raye ba.

A kakar shekara ta ukun, ruwa ya fara janyewa daga fadama, wani makiyayi mai suna Hamman ya shigo ofis da tsiro a hannu da fuskar wanda ya zo ƙarar duniya gaba ɗaya. 'Yan maruƙansa biyu sun ci abin nan a bakin rafi, sun kumbura, sun mutu. Ya ajiye a teburin Bature.

Tsayinsa zai yi kamu biyu. Kara siriri, ganye dogaye masu tsini. Furanni ƙanana ne a tattare a kai, kowanne da jajayen kunnuwa biyar da suka lanƙwashe baya, da wata 'yar rawaya a tsaye a tsakiya kamar hula. Da Bature ya karya karan sai farin ruwa ya ɓulɓulo irin na tumfafiya.

"Mene ne wannan, Malam?" in ji Mai Ciyawa, da Hausarsa mai tafiya kamar jaki da kaya.

Shu'ibu ya buɗe baki zai haifi suna na goma sha uku, sai ya ga Hamman ya zuba masa ido. Ba a yi wa ciyawa ƙazafi a gaban mai shanu.

"Ranka ya daɗe, ban san shi ba."

"Ina za ka san shi?" in ji Hamman. "Kakana ya yi kiwo a fadamar nan, ubana ya yi, ni ga ni na fara furfura. Ba namu ba ne. Shekara uku da suka wuce babu shi."

Mai Ciyawa ya kwaso littattafansa ya yi ta juyawa, yana ƙara fara'a duk lokacin da ya rasa, har Hamman ya fara zargin mutuwar maruƙan ta yi masa daɗi. Daga ƙarshe ya ce tsiron baƙo ne, daga ƙetaren teku ya zo, yadda aka yi ya zo kuwa shi ne abin da yake so ya sani. Ya ba Shu'ibu taswira da jan fensir. Ya bi kogi, ya samo sunan da mutane ke kiransa, duk inda ya gan shi ya sa alama. In ya dawo za a tura leburori su tone shi har saiwa su ƙone.

Washegari Shu'ibu ya hau goɗiyarsa, wadda ta girmi aikinsa, ya gangara.

Bai yi nisa ba. A mashigin da ke ƙasan gari, gindin wata giyayya, ya tarar da shi ya yi ja wur, faɗin filin sussuka. Shekara uku yana wucewa ta nan bai lura ba, shi da ake biya don ya lura. Mai fito, wani mai suna Baƙo, yana zaune a gefen kwalekwalensa yana gyaran igiya.

"A'a, Malam na Mai Ciyawa! Yau kuma wace ciyawar ce ta yi laifi?"

"Wannan. Yaya kuke kiranta?"

"Soja-ya-kwana."

Shu'ibu ya tsayar da fensir. "Wa ya sa mata?"

"Ita ta sa wa kanta. Wani soja ne ya yi mana wata biyu a gindin itacen nan. Ba ya magana, ba ya roƙo, in an ba shi ya ci. Da ya tafi, damina ta zagayo, sai ga ta daidai makwancinsa. Shiga ka gani."

Shu'ibu ya tattare riga ya kutsa. A tsakiyar furannin akwai fili ɗan siriri, tsawon mutum, ƙasa a daddaɓe, ko tsinke babu. Furannin sun kewaye shi kamar masu zaman gaisuwa.

Baƙo ya san ko ƙanen wa ne sojan nan. Shu'ibu ya san ya sani. Suka tsaya su biyu suna kallon fure kamar masu shirin taya shi.

"Gabas ya yi," in ji Baƙo, yana magana da igiyarsa. "In gwamnati na tambaya."

Shu'ibu ya rubuta sunan. Shi ne suna na gaskiya mafi sauƙi da ya taɓa samu, kuma hannunsa bai taɓa yin mummunan rubutu irin na ranar ba.

Wuri na biyu yana tafiyar rabin yini, kusa da mashayar su Hamman. Tsohuwar da ke sayar da nono a nan ba ta taɓa zuwa mashigin Baƙo ba, amma da ya nuna mata furen ta ce soja-ya-kwana, ta ƙara da cewa mutumin kirki ne, kullum sai ya wanke ƙwarya kafin ya mayar. Na uku masu yankan shinkafa suka nuna masa. Na huɗu wasu masu jan koma. Suna ɗaya, labari ɗaya, fili ɗaya a tsakiya. Abin da ke sauyawa shi ne girma: duk yadda ya ƙara gabas sai wurin ya ƙara ƙanƙancewa, alamar bai daɗe da kamawa ba. Ko ɗan koyo zai karanta wannan. Mutum ne yake tafiya, tsiro na bin sawunsa da damina guda.

A wuri na biyar ya ga wani ya yi 'ya'ya, dogon kwanso mai tsini. Ya sa farce ya fasa don ya cika aikinsa. Wani farin gashi mai santsi ya kumburo daga ciki, kowane zare da ɗan iri ruwan ƙasa a gindi, iska ta fara ɗauka ɗaya-ɗaya. Ya san gashin nan. Shi ne ke tsiyayowa daga ɗinkin matashin Yakubu, Hajo tana sharewa tana mita tana zubawa a murhu. Ashe abin da yaron ya tsinko a wancan bakin duniya ya cusa a kaki ke nan, ya zo da shi ƙarƙashin kansa.

Ya zauna a ƙasa ya daɗe. Abin da ya ba shi kunya shi ne, a cikin abubuwan da ya ji har da ɗan daɗin ma'aikaci: ya gano abin da Bature bai gano ba.

Kwana na huɗu da hantsi ya isa Baturiya, inda ruwa ya bazu cikin goruba har ido ya gaji, agwagin daji sun rufe shi kamar an shanya baƙin zane. Aka haɗa shi da wani tsohon masunci, Fannami, wanda ya karɓi furen ya juya shi sau ɗaya ya mayar.

"Lale, Malam. Ka zo ke nan."

"Ka san da zuwana?"

"Na san wani zai zo. Bar dabbar nan, shiga jirgi."

Suka ratsa bado da kainuwa har wani ɗan tudu da ruwa ya kewaye. Rana ta take tsaka, irin lokacin da tsofaffi ke hana mutum zama gindin itace shi kaɗai. Furen na nan, amma ba kamar sauran ba. Nan babu fili a tsakiya, babu kewaye. Tsawon mutum ɗin ne kawai ya tsiro, cunkus, ja kamar an yanka rago a kai, ya miƙe daga kudu zuwa arewa yadda ake haƙa wa Musulmi. Shu'ibu bai buƙaci bayani ba, amma Fannami ya yi.

"Ambaliyar bara waccan ce ta kawo mana shi. A cikin ciyawar burugu muka same shi, ya yi kwana uku a ruwa ko fi. Ya rungume wani matashi a ƙirji. Mu uku muka yi mu ɓamɓare hannun, muka kasa. Liman ya ce a bar masa, ba dukiya ba ce. Mu nan wanda ruwa ya ci ba ma kai shi gari, inda ya fito nan muke sa shi. Mu huɗu muka yi masa salla, har da liman."

Ya miƙa hannu kan wani reshe ya kwanto igiya mai ɗauke da 'yar lamba zagayayya.

"Mun rataye ko wani zai zo nema. Kai mai boko ne, karanta mana."

Shu'ibu ya rubuta lambar nan a bayan ambulan sau talatin da wani abu lokacin yaƙi. Ko a makance zai kawo ta. A ƙasanta ga suna nan ƙarara.

"Akwai suna?" in ji Fannami.

"Lamba ce kawai."

Agwagin da suka cika duniya da surutu tun safe suka yi tsit lokaci guda. Ba su tashi ba, ba su nutse ba, shiru kawai suka yi. Babu iska ko kaɗan, amma furannin wajen kai suka ɗan rausaya, suka tsaya.

Fannami ya dube shi, ya dubi kabarin. "Ikon Allah. Mutum ya je har inda ake rabon lamba, a rasa mai ba shi suna. Riƙe ta, Malam. Gwamnati ta san nata." Ya nuna da sandar tuƙinsa. "Ka ga nan? Bara ba ka ganin ƙasa. Bana ya fara sanƙo. Ga shi can kuma ya ɓulla a tsallake, wajen yamma. Mu dai mun ce baƙonmu ya huta, ya kama hanya."

"Tsiro ba ya kama hanya, Baba."

"Kai ne malami," in ji Fannami, ya tura jirgi.

Shu'ibu na iya komawa ta hanyar da ya zo. Ya gaya wa kansa taswira na bukatar ɗaya gaɓar ma, kuma ma'aikacin kirki ba ya rabin aiki. Ya yi shekara shida yana rabin aiki, amma ranar sai ya tuna.

Na farko yana tsallaken da Fannami ya nuna. Sababbin tsirrai ne na bana, tsayin taƙi, ko fure ba su fara ba. Ba su bazu ba. Sun fito ne a tattare, tsawon mutum kwance ta gefen dama, an ɗan lanƙwashe gwiwa. Goɗiyar, wadda ke cin komai har da gefen taswira, ta ja da baya tana huci ta ƙi matsawa.

Na biyu na tafiyar rabin yini yamma da shi. Na uku ma haka. Ya tambayi mutanen wani ƙauye ko wani baƙo ya sauka a nan bana. Suka ce ba kowa. Wata mai tsintar itace ta ce abin da ta sani kawai, karensu yakan je wurin da rana tsaka ya tsaya yana kaɗa bindi.

Daga nan tazarar ta fara raguwa. Rabin yini ya koma tafiyar hantsi, ta hantsi ta koma ta ɗan lokaci. Shu'ibu ya san irin wannan tafiya. Haka shi ma yake yi in ya nufi ofishin Bature da laifi: ƙafa na gaba, zuciya na neman inuwar da za ta tsaya. Na ƙarshe da ya gani ba ma a kogi yake ba. A bakin kududdufin da ke gindin ganuwa ne, ana hango rufin unguwarsu.

Ranar Juma'a da safe ya shiga ofis. Mai Ciyawa ya tarye shi da murna, wani littafi ya zo masa daga Ikko, ya samu abin. Ya karanto wani suna mai tsawon igiyar rijiya. Ya ce asalinsa Amirka ne, amma ya cika bakin rafukan Indiya, wataƙila cikin kayan sojoji ya biyo. Da ya ga sunan da Shu'ibu ya rubuto har ya buga tebur don daɗi. Ya bi jajayen alamun da yatsa, gabas, sannan suka juyo yamma.

"Iska ce, Malam. Gashin nan yana ɗaukar iri. Da rani iska daga gabas take zuwa, sai ta dawo da shi wajen gari. Babu abin mamaki."

"Babu, ranka ya daɗe."

Ya so ya tambaya ko iskar Indiya takan lanƙwashe gwiwa in za ta huta, amma ba a biyansa don irin wannan tambaya. Alama goma sha ɗaya ce a taswirar. Tudun Baturiya ba ya ciki. An ce leburori su tona har saiwa, shi kuwa ya san inda saiwar can ta ƙare.

Ya yi sallar Juma'a. Ƙafarsa ta kai shi wajen mai goro ba da shawararsa ba, sai ganin ƙunshi ya yi a hannu. Ya shigo lungu, rana na dukan bango, ba kowa a waje sai kaji.

A jikin katangar gidansu, dab da ƙofar zaure, akwai bakin rariyar da ruwan alwalar Iya ke fitowa, ƙasar wurin kullum a jiƙe. Tsiron yana nan. Guda ɗaya tak, ya kai gwiwa, ya buɗe ja da rawaya. Gefensa ƙasa ta kwanta sumul tsawon mutum, kan ya nufi ƙofa.

Ya tsaya yana lissafin ma'aikaci. Tsiro ba ya kai gwiwa ya yi fure cikin kwana takwas. Ke nan tun kafin ya tafi yana nan, shi ne bai duba ba. Mutumin da ya san kowace ciyawa daga nan har Baturiya bai san ta ƙofar gidansa ba. Wannan bayani ya yi daidai da halinsa ƙwarai, har ya kusa yarda. Kwanciyar ƙasar kuma aikin awaki ne, awaki na son jikin bango. Sai dai babu kashin akuya ko ɗaya a wurin.

Ya raɓa ta ɗaya gefen ya shiga.

Iya na zaune a tabarma bakin ɗakinta, fuska ga bango. Hajo na tsince shinkafa a faifai. Ya tsuguna inda ya saba, ya ɗaga ƙunshin.

"Yakubu ya..."

Bai ƙarasa ba. Hannun Iya ma bai miƙo ba. Ya ajiye goron a ƙasa, ya zaro igiyar daga aljihu, ya sa lambar a gefen tabarma. Ta lalubo, ta shafa da babban yatsa, ta rufe hannu a kai.

"Iya, Yakubu bai je Malam Madori ba. Ni na kore shi. Na ga inda ya nufa, ban kira shi ba. Ruwa ya ci shi bara waccan. Yana Baturiya, masunta sun yi masa sutura. An tambaye ni sunansa, na ce ban gani ba."

Faifai ya tsaya a hannun Hajo. Iya ta yi salati a hankali. Wata kaza ta zo ta tsattsagi ganyen goron.

"Hajo," in ji ta, "gaya wa mai gidan nan, Auta bai taɓa kawo mini jan goro ba. Ya san fari nake ci. Shekara uku ina rabar wa maƙwabta."

"To Iya," in ji Shu'ibu, "me ya sa ba ki..."

"Hajo, tambaye shi, wa zan tambaya?"

Hajo ba ta tambaye shi ba. Ta sunkuyar da kai cikin shinkafa.

"Kwana huɗu ke nan yana bakin rariya," in ji Iya, muryarta kamar mai ba da labarin farashin gero. "In na zubar da ruwan alwala ina jin sa yana gyara kwanciya. Na yi masa magana ta ramin, bai shigo ba. Ba ni na ce ya fita ba, ba ni da bakin cewa ya shigo."

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta juyo gaba ɗaya, ta ɗora fararen idanunta daidai fuskarsa.

"Shu'ibu."

Bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Ya ji shi baƙo, kamar ɗaya daga cikin waɗanda yake ƙirƙira wa ciyayi.

"Je ka shigo da ƙanenka. Rana ta yi masa yawa."

Ya ɗauki 'yar fartanyar ofis ya fita. Yadda unguwa take jin ƙanshin abin kallo Allah kaɗai ya sani. Kafin ya gama naɗe hannun riga an fara leƙowa daga zauruka, fuskokin nan dai da suka taru ranar da Yakubu ya ƙame. Malam Shu'ibu na En'e, da hular Juma'a da farar riga, ya tsaya gaban rariya ya yi gyaran murya.

"Yakubu," ya ce. Ya fito siriri, sai ya sake da ƙarfi yadda na ƙarshen lungu zai ji. "Yakubu ɗan Isa. Tashi ka shigo gida."

Ba wanda ya yi dariya. Ya so a yi, da ya fi sauƙi.

Ya durƙusa cikin caɓi ya haƙo tsiron da ƙasarsa, farin ruwan ya ɓata masa hannu. Ya rungumo shi a ƙirji ya ratsa zaure, ya ture asabarin ƙofar ciki da kafaɗa ya wuce. Ya yi taku uku a tsakar gida kafin ya ji asabarin ya faɗo a bayansa. Bai waiwaya ba. Hajo ce ke fuskantar ƙofar, ita kuma har ta mutu ba ta taɓa faɗin abin da ya riƙe asabarin ba.

Ya dasa shi gefen ɗakin Iya, inda take alwala, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Washegari aka yi zaman makoki, shekara biyu a makare. Bayan bakwai ya koma Baturiya shi da liman na unguwa, ya karanta wa Fannami abin da ke ƙasan lambar. Tsohon ya ce, "Ashe ido ya buɗe," bai ƙara ba.

Leburori suka tone wurare goma sha ɗaya suka ƙone. A littafi, layin suna ya cika, layin inda yake fitowa ya cika saura wuri biyu da ba a rubuta ba, layin amfani kuwa Shu'ibu ya bar shi fari, Mai Ciyawa ya yi ta mita har ya gaji. Da damina ta zagayo aka sake tura shi ya bi gaɓa biyun. Bai ga sabo ko ɗaya ba. Bature ya ce aikin leburori ya yi kyau, Shu'ibu ya ce ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe.

Na gida yana nan yana fure. Tun daga ranar kuma Hajo ta koma kai turminta maƙwabta in za ta yi daka. Ba wanda ya ce ta yi hakan, ba kuma wanda ya tambaye ta dalili.